Ƙunshin Ranar Zaɓe

Tun da gwiwa ta zaunar da ni na lura labarin mutum yana ƙiba a bakin dangi fiye da yadda aka haife shi. Kwanan baya, a sunan 'yar Zainabu, na ji wata jikata tana gaya wa ƙawarta wai ni Hauwa na taɓa tara matan kasuwa muka yi wa Baffanku Malam ihu har ya bar gari. Na yi dariya har haƙarƙarina ya amsa, amma da na koma ɗaki abin ya tsaya mini a rai. Malam Isyaku yana kabarinsa, ba shi da bakin kare kansa. To ku zauna ku ji yadda aka yi daga bakin wadda aka yi da ita. Ke Zainabu ki matso kusa, tun da ke ce kike ajiye jaririya wurin maƙwabta ki tafi aikin asibiti kina share hawaye a cikin raksha, ɗan keken hayar nan mai ƙafa uku, kamar wadda ta yi sata.

A shekarar da nake faɗa muku, sana'ata tankaɗen riɗi ce a kasuwar hatsi ta Gadarif, a nan ƙasar Sudan. Manyan motoci su sauke buhuna daga gonaki, riɗin cike da ƙasa da tsakuwa da karan ganye, mu kuma mata mu jeru a ƙarƙashin rakuba, wato rumfar kara, kowa da rariyarta da faifanta. Mu tankaɗe, mu sheƙe, mu tsince, har ya fito fari tas yadda masu kai shi tashar jirgin ruwa suke so. Aikin yana cin baya, ƙurarsa kuma har cikin haƙori take shiga. Ni ce shugabar layinmu, ni ke raba buhuna, ni ke yi wa Alhajin da muke wa aiki magana in ya so ya yi mana wayo, duk ina goye da Umaru, wanda yanzu yake shafa gemu yana ba ni shawara. Babanku leburan gona ne. Damina yana manyan gonakin da ake kira mashru', kaka yana yankan riɗi da dawa, rani ya gangara Mafaza aikin lambu a bakin kogi. Abin da yake aikowa yana zuwa, sai dai ba ya zuwa ranar da tukunya ke nemansa. Shi ya ba ni izinin fita da bakinsa, a gaban wansa Malam, sannan ya juya ya ce wa wan, ga amanar gidana nan. Waɗannan maganganu biyu su suka yi karo a wannan shekara.

Na sha jin cewa uwa ta gari ba ta barin gida. Masu faɗa yawanci miyarsu da nama take. Ni dai ban taɓa ganin inda aikina ya shiga tsakanina da Ubangijina ba. Butata tana gefen rariyata, buhun da babu komai a ciki shi ne dardumata, kuma ladan bai taɓa kiran azahar na ce masa sai na ƙare wannan faifan ba. Wanda ya ba ni 'ya'ya shi ya ba ni hannu biyu, ban ga alamar ya yi kuskure a ɗaya daga ciki ba. Abin da ke da zafi na sani, Zainabu, kada ki ce ban sani ba. Na bar ki da zazzaɓi a hannun kakarki na tafi, ina tankaɗe ina jin kukanki a kunnena alhali kina can bayan layin dogo. Zafi ne, amma ba zunubi ba ne, kuma da yamma na dawo miki da magani.

Baffanku Malam dogo ne siriri, limamin masallacin unguwa, manyan mutane suke ɗaukar karatu a zaurensa. Mutum ne mai tsoron Allah har ya kan wahalar da kansa. In ya yi kokwanton ruwa bai taɓa bayan kunnensa ba, sai ya sake alwala daga farko. Bai taɓa cin abu mai daɗi bai aiko mana sashenmu ba. Fitata kuwa ba ya so, bai kuma ɓoye ba, sai dai ya yi shiru tun da ƙanensa ya yarda.

Da aka fara rajistar masu zaɓe ban ma damu ba. Ƙawata Sa'adiyya, wadda take kusa da ni a layi, mace mai baki kamar reza, ita ta ja ni makarantar firamare inda 'yan lajna, wato kwamitin zaɓe, suke zaune ƙarƙashin dogonyaro. Muna cikin layi muna hirarmu da Hausa, sai mai rubutun ya ɗago kai ya tambaye ni da Larabci.

"Ke daga ina, Hajja?"

Na faɗa masa unguwarmu.

"A'a, asali nake nufi."

"Kabarin uwata yana bayan layin dogo," na ce masa, "na kakata yana kusa da shi. In kana so mu je ka tambaye su."

Ya yi wani murmushi ya ce wa na kusa da shi, Fallata dai, kamar ba na wurin. Sunan da suke kiranmu ke nan, mu da kakanninmu suka zo daga yamma. Sai da dattijon unguwa ya shaide ni sannan ya rubuta sunana. Na dawo kasuwa cike da haushi. Riɗin da ƙasar nan take alfahari da shi ta cikin rariyata yake wucewa, amma sai an nemo wanda zai rantse cewa ni 'yar nan ce. Daga ranar na ɗaura niyya, ko da rarrafe sai na jefa ƙuri'a.

Kada ku ɗauka uwarku sakarai ce. Kowa a Gadarif, har jakin da ke jan karo, wato amalanke, ya san wanda zai ci kujerar shugaban ƙasa. Motoci masu lasifika sun hana yara barcin rana, hotuna sun rufe bangon kasuwa, masu manyan rawuna suka riƙa zuwa rakubarmu suna kiranmu iyaye mata, su da a baya ko sallamarmu ba sa amsawa. Wani ma ya zo da Alƙur'ani wai mu dafa mu rantse za mu zaɓi nasa. Na ce masa ya mai da Littafin Allah inda ya ɗauko shi, hannunmu da ƙura. Har gobe ra'ayina ke nan: duk ɗan siyasar da ya fara da rantsar da talaka ya san ba shi da abin da zai nuna masa. Ban tashi zaɓe don ina tsammanin wani a Khartum zai san sunana ba. Na tashi ne don a ƙirga ni cikin masu ƙasa.

Ana saura 'yan kwanaki, bayan la'asar, Malam ya shigo tsakar gida ya ce a taru. Ya tsaya, hannunsa a baya, ya ce ya samu labari daga waɗanda suka sani cewa duk wanda ya je zaɓe ana tsoma masa yatsa a wata tawada da ba ta fita sai ta ga dama. Ya ce tawadar kamar fenti take, tana rufe fata, ruwa ba ya ratsa ta. Wanda ruwa bai taɓa yatsansa ba ba shi da alwala, wanda ba shi da alwala ba shi da salla.

"Ba zan sayar da sallar mako biyu don kujerar wani ba," ya ce. "Ni ba zan je ba, kuma babu mai zuwa daga gidan nan. Mu zuriyar alhazai ne, a kan hanya muke. Ba ruwanmu da rigimar masu mulki."

Na sunkuyar da kai na ce, "Allah ya gafarta Malam, ni dai na yi rajista."

"Na ji labari. Fitarki kasuwa ita ta jawo wannan, Hauwa. Na yi shiru ne don ƙanena. Amma in na ga tawadar nan a hannunki, kin bar kasuwa ke nan, har sai ya dawo mun zauna."

Bai ɗaga murya ba, shi ba ya ɗagawa. Na koma ɗaki na zauna a bakin gado ina kallonku kuna wasa da murfin kwano. In na bar kasuwa a tsakiyar rani, babanku yana Mafaza, da me zan ciyar da ku? Kuma na san layin tankaɗe ba ya jiran kowa, mata nawa ne suke zuwa kullum suna neman gurbi.

Washegari na kai kukana rakuba, sai na tarar ba ni kaɗai ba ce. Maganar tawada ta zaga unguwa, mazan da yawa sun hana matansu. Sa'adiyya ta ajiye faifai ta ce mu saurara, ta samo dabara. Ai tawadar a kan yatsa ake sa ta. To mu yi ƙunshi, baƙin lalle irin na matan aure, mu rina kan yatsunmu su yi baƙi ƙirin. In an tsoma a tawada wa zai gane? Mu je mu jefa abinmu mu dawo, kowa ta shiga ɗakinta salin alin. Wallahi a lokacin gani muka yi ba a taɓa haihuwar mai basira irin Sa'adiyya ba. Har tafa mata muka yi.

Matsala ɗaya ce. A nan garin, macen da mijinta ba ya gida ba ta yin baƙin lalle. Ado ne na mai miji a ɗaki, in kika yi shi yana tafiya sai a fara tambayar wa kika yi wa. Ni kuwa kowa ya san babanku ya yi wata da watanni a Mafaza. Sai na je wurin Inna, kakarku, uwar su Malam, wadda duk amaren unguwa ta hannunta suke bi. Na zauna ina kame-kame, ita kuma tana tsinkar zogale ba ta ko dube ni ba.

"'Yar nan, ki daina zagaye-zagaye. Lallen zaɓe kike so."

Na gyaɗa kai.

"Ɗauko turmi," ta ce.

Tana kwaɓawa tana magana, kamar da kwanon take yi. Ta ce ubanta ya baro ƙasar Haɗeja da ƙafa zai je Makka, a hanya aka haife ta, a wani ƙauye da ko sunansa ba ta sani ba. Suka iso Gadarif, ya ce bari ya yi noman damina ɗaya ya samu guzuri. Daminar ce har yau ba ta ƙare ba. A nan ya mutu, a nan ta yi aure, a nan ta binne miji da 'ya'ya biyu.

"Babba yana cewa a kan hanya muke," ta ce. Haka take kiran Malam, don ɗan fari ne, ba ta faɗin sunansa. "Wace hanya? Ni haƙorana a nan suka fito, a nan suka zube. Na gaji da zama baƙuwa."

Ashe ita ma ta yi rajista. 'Yan lajna sun bi gida-gida wurin tsofaffi ranar da Malam ya je jana'iza, ta ba da sunanta ba ta gaya wa kowa ba. Da ta gama ƙunsa mini, sai ta miƙo nata hannuwan. Tun rasuwar kakanku lalle bai taɓa fatarta ba. Na ce Inna, mutane za su yi magana. Ta ce su yi, ai bakinsu ne. Na ƙunsa mata, ƙwalla tana neman zubo mini, don ban taɓa ƙaunar tsohuwar nan kamar ranar ba.

Da rana Malam ya shigo ya gan ni ina shanya, yatsu baƙi wuluk. Ya tsaya.

"Ƙanena yana hanya ne?"

Kafin in buɗe baki Inna ta amsa daga inuwa, hannuwanta a cikin tob, babban mayafinta. "Ni na ga dama na yi wa 'yata ado. Akwai littafin da ya hana?"

Ya ce babu, ya wuce.

Ranar zaɓe da hantsi, Malam yana zaure da ɗalibansa, muka fita ta ƙofar baya. Muka ɗora Inna a karo, mu kuma muka bi a ƙafa. A makarantar layin mata ya fi na maza tsawo, rana kuma tana dukan ƙeya. Matan rakubarmu duk sun zo, kowa tana ɓoye dariya tana nuna wa 'yar'uwarta yatsu. Ni ce a gaba, don ni ce shugabar layi ko a nan. Na shiga ajin, na ba da sunana, aka tura ni wurin mai tawada, wata malamar makaranta mai tabarau. Ta kama hannuna ta juya shi. Ta leƙa ta bayana ta ga Sa'adiyya, ta ga na bayanta, sai ta fashe da dariya.

"Ya jama'a, duk matan unguwarku amare ne yau?"

Ta ce ai an riga an gaya musu tun wurin horo. Mace mai lalle ba a tsoma mata yatsa, don ba zai nuna ba. A bayan hannu ake shafa mata, tsakanin yatsu, inda kowa zai gani. Ta ɗaga auduga jiƙe da tawada tana jira.

Kun ji dabarar Sa'adiyya. Da mun zo da hannunmu yadda Allah ya yi shi, da ɗan kan yatsa ɗaya ne, mai dunƙulewa a tafin hannu. Mun je mun wahalar da kanmu mun sayo wa kanmu tambari. Na waiga na ga wasu mata biyu sun fara ja da baya suna gyara tob. Ni ma ƙofar a buɗe take. In na juya yanzu, babu wanda zai sani, gobe in ɗauki rariyata in tafi aiki kamar kullum. Na tuna da ku, na tuna da buhun dawar da ya kusa ƙarewa. Sai kuma na tuna da murmushin mai rubutun nan. Na ce a raina, Ya Allah, ka san ban fito don in saɓa maka ba, sannan na shimfiɗa hannuna a kan tebur.

Malamar ba ta yi rowa ba. Tawadar shuɗiya ce mai duhu, ta cika tsakanin yatsuna ta gangaro har wuyan hannu. Aka ba ni takardu, na shiga bayan labule, na yi alamata, na jefa a akwati. Da na fito na ɗaga hannun sama yadda duk layin zai gani. Sa'adiyya ta ce, shi ke nan, tun da an kama shugaba ai an kama kowa, ta miƙa nata. Matan nan biyu suka dawo layi. Inna kuwa da aka shafa mata, ta daɗe tana kallon bayan hannunta, sannan ta ce wa malamar, ƙara kaɗan 'yata, idona ba ya gani sosai.

Ban shiga ta ƙofar baya ba da muka dawo. Na tsaya a bakin zaure na yi sallama, na durƙusa, na fito da hannun daga cikin tob. Ban so ya ji a bakin wani. Malam ya dubi hannun, ya dubi lallen, ya gane komai a take. Fuskarsa ta yi wani iri, ba fushi ba, kamar wanda aka gaya wa rasuwa.

"Kin zaɓa, Hauwa."

"Na zaɓa, Malam."

"To maganata tana nan."

Ana haka aka sauko da Inna daga karo. Ta wuce shi, ta zauna a kan kujerarta ta tsakar gida, ta ce a miƙo mata buta, azahar ta yi. Ta naɗe hannun riga a gabansa, tawada tana sheƙi a fatarta, ta yi alwala a nitse, gaɓa bayan gaɓa. Da ta gama ta ɗago kai.

"Babba, zan yi salla. In ba ta karɓuwa, faɗa mini yanzu, kada in wahalar da gwiwata."

Malam, mutumin da ke amsa tambayar kowa a unguwa, ya tsaya cik a gaban uwarsa. Ba zai iya ce mata sallarta ta ɓaci ba, ba zai kuma iya faɗin abin da bai tabbatar ba don ya faranta mata. Ya juya ya fita. Da safe aka ce ya hau motar Mafaza, zai ga ƙanensa, zai kuma ga tsohon malaminsa da ke zaune can. Wannan shi ne gudun da ake cewa ya yi.

Ni kuwa na zauna a gida. Ya tafi, babu mai tsare ni, amma ban fita ba. Amanar gidan a hannunsa take, kuma na riga na san farashin tun kafin in miƙa hannu. Kwanakin nan sun yi mini tsawo. Na fara auna dawa da ƙaramin kwano, kuna tambayata me ya sa asida, tuwonmu na dawa, ta yi ruwa. Labari ya zo cewa Alhaji ya ba wata shugabancin layi, kuma ban sake samunsa ba har na bar aiki. Ba zan ɓoye muku ba, kokwanto ma ya taɓa ni. In na zo alwala sai in tsaya ina kallon shuɗin, ina jin sanyin ruwa a wurin, ina cewa Allah kai ne masani. A cikin kwanakin rediyo ta faɗi wanda ya ci, wanda kowa ya sani. Ba a rage kuɗin sukari ba, ba a gyara hanyar unguwarmu ba. Wanda na zaɓa kuwa, ba ruwanku, ko babanku bai ji ba.

Wata safiya ina wanke-wanke sai na ji jaki yana kuka a ƙofar gida, na ji muryar Sa'adiyya tana ba mai karo umarni kamar ita ta haife shi. Buhunan riɗi ne. Ta je ta tsaya a kan Alhaji ta ce masa riɗin da sabbin hannu suke tankaɗewa duk tsakuwa ne, in yana son sunansa ya tsira a kasuwa ya bar ta ta kai wa Hauwa aiki gida.

"Malam cewa ya yi kada ki fita," ta ce tana sauke rariya. "Ya ce kada riɗi ya shigo?"

Bayanta mata suka yi ta shigowa, kowa da faifanta da goyonta da shuɗin hannunta. Wasu ma mazansu sun hana su kasuwa kamar ni, amma zuwa gidan liman ai ba a hanawa. Muka shimfiɗa buhuna a tsakar gida muka jeru. Inna ta zauna a tsakiya tana riƙon jarirai tana dafa mana jabana, gahawar nan garin. Kafin rana ta take, ƙura ta rufe gidan. Ta hau randa, ta hau shanya, ta bi ta ƙofa ta kwanta a kan tabarmin zauren Malam. Haka muka yi ta yi kullum, in an kira salla mu ajiye faifai mu yi sahu a bayan Inna, asida kuma ta koma yin kauri.

A cikin wannan hali ya same mu. Da azahar ne, muna tsakiyar sheƙa muna waƙar aiki, sai muka ji sallama. Malam ne tsaye da 'yar jakarsa, ya rame, rawaninsa ya yi ja da ƙurar hanya. Faifai suka tsaya a sama. Wata ta ja tob ta rufe hannu. Ya dubi gidansa da ya koma kasuwa, ya yi tari, ya je ya durƙusa ya gai da uwarsa. Na ɗauka zai kira ni gefe. Sai ya miƙe ya fuskanci matan duka.

"Na tambayi malamina," ya ce. "Ya sa aka kawo wanda ya yi zaɓe, ya duba hannunsa, ya zuba ruwa, ya kankara da farce. Ya ce wannan rini ne, ba shi da jiki, hukuncinsa hukuncin lalle. Alwalarku ta yi, sallarku ta yi. Ni na yi fatawa a kan abin da ban gani da idona ba, na hana mutane haƙƙinsu. Ku gaya wa mazanku, ni ma zan faɗa a masallaci. Inna, ki yafe mini."

Kun san abin da ake nufi da liman ya faɗi haka a gaban mata masu tankaɗe? Ni ban taɓa ganin namiji ya yi girma a idona kamar yadda ya yi a lokacin ba. Sa'adiyya ce ta fara rangaɗa guɗa, sauran suka ɗauka, har maƙwabta suka leƙo ta katanga suna tambayar wa ya haihu. Wannan shi ne ihun da aka ce mun yi masa. Inna ta ce Allah ya yi maka albarka, Babba, ta ci gaba da jijjiga jaririn da ke cinyarta.

Da guɗar ta lafa ya juyo wurina. Har yanzu bai ce komai a kan kasuwa ba.

"Ƙanena yana gaishe ki. Ya ce izinin da ya ba ki bai janye ba." Ya shafa gemunsa, ya dubi farin da ya fito a tafinsa. "Ni kuma roƙo nake, Hauwa. Gobe ki kwashe mini ƙurar nan ki mai da ita inda kika samo ta."

"To, Malam," na ce.

Washegari na goya Umaru, na ɗora rariya da faifai a ka, na bi ta zaure, hannuna a waje, shuɗin ya fara koɗewa amma yana nan. Malam yana zaune a bakin ƙofa yana kakkaɓe littattafansa ɗaya bayan ɗaya. Na durƙusa na gaishe shi na miƙe. Shekara da shekaru ina wucewa ta gabansa da kayan aikina, amsa gaisuwa kawai yake yi ya kau da kai. Ranar sai da na kai bakin titi na ji muryarsa a bayana.

"A dawo lafiya, Hauwa. Allah ya ba da sa'a."